Alƙalami da Takobi: Makarantar Hafsoshi ta Kaduna da Rabon 'Ya'yan Kebbe

Jama'a masu sauraro, na Kebbe da Kuchi da Margai da Girkau da Fakku, da 'yan uwanmu na Tambuwal da Dogon Daji da Jabo da Sanyinna, da duk wanda wannan murya ta riska, ko yana zaure, ko yana bakin kasuwa, ko yana kan hanyar dawowa daga fadama. Sharhinmu na yau a kan wata makaranta ne wadda ta haɗa sifofi biyu da ba a cika ganinsu wuri guda ba, domin ta wata fuska jami'a ce mai ba da digiri, ta wata fuskar kuma bariki ce mai tashi da busar bigila, watau Makarantar Horar da Hafsoshin Soja ta Kaduna, wadda aka fi sani da NDA. Abin da ya sa na ga ya wajaba mu tsaya a kanta shi ne, a wannan zamani da maganar tsaro ta zama ita ce hirar safe da ta dare a ƙauyukanmu, da yawa daga cikinmu ba su san ta inda ake samo mutanen da ke jagorancin sojojin da muke gani suna wucewa cikin motoci ba, balle su san cewa jiharmu tana da kaso a wannan makaranta, kuma ɗan manomin Kebbe yana da haƙƙi cikin kason daidai da ɗan kowa.

Da farko ya kamata mu rarrabe abu biyu da bakin jama'a ya saba gwamutsawa. Akwai kurtu, wanda ake ɗauka a kai shi Dafo ta Zariya, a horar da shi 'yan watanni, ya fito farabiti, daga nan in Allah ya yi masa tsawon rai da ƙoƙari ya riƙa samun igiya, ya zama kofur, ya zama saje. Akwai kuma hafsa, wanda tun ranar da aka yaye shi ake maƙala masa anini a kafaɗa, a danƙa masa mutum talatin ko fiye, cikinsu har da waɗanda suka haife shi, a ce rayukansu da makamansu da abincinsu duk suna wuyansa. Kurtu shi ke riƙe da bindiga, amma hafsa shi ke cewa a harba ko kada a harba, a shiga wannan rugar ko a kewaye ta, a saki wannan mutumin ko a tsare shi. Saboda haka duk wanda ya yi tunani zai ga cewa amanar da ke kan saurayi mai anini ɗaya, ɗan shekara ashirin da 'yan kai, ta kusa yin daidai da ta alƙali, sai dai shi alƙali yana da lokacin duba littafi da jin shaidu, shi kuwa hafsa sau da yawa hukuncinsa cikin ƙiftawar ido yake yanke shi.

A zamanin Turawa wannan matsayi ba namu ba ne. Kakanninmu na lardin Sakkwato da aka kwasa lokacin yaƙin duniya na biyu, aka kai su Habasha da ƙasar Bama suka yi ta fama cikin ƙungurmin daji da ruwan sama, kusan dukkansu a matsayin kurata suka tafi, hafsoshinsu kuwa Turawa ne. Sai a shekarar 1953 ne Zakariya Maimalari, mutumin ƙasar Barno, ya fito daga makarantar Sandhurst ta Ingila da muƙamin hafsa, daga baya irin su Kur Muhammad da Abogo Largema da Yakubu Gowon da Hassan Usman Katsina da Murtala Muhammad suka bi sawu. A wancan lokaci iyaye a ƙasar Hausa ba su ɗauki aikin soja a bakin komai ba, suna ganin aikin wanda ya gagari gida ne, har ya zama sai da Sardauna Ahmadu Bello da Ministan Tsaro Muhammadu Ribaɗu da Galadiman Bida Ibrahim Tako suka tashi tsaye, ana bin makarantun sakandare ɗaya bayan ɗaya ana lallashin yara masu ƙwazo su shiga, domin sun hango cewa ƙasar da ta karɓi mulkin kanta alhali ba ta da 'ya'ya cikin masu ba da umarni ga makamanta, to mulkin nata da sauran gyara. A 1961 aka tsayar da ƙa'idar kaso wajen ɗaukar hafsoshi, rabi ga Arewa, sauran rabin a raba tsakanin Gabas da Yamma.

Ita NDA an buɗe ta ne ranar 5 ga Fabrairu, 1964, a Kaduna, da ɗalibai 60 da 'yan kai, don a daina dogara da Ingila da sauran ƙasashe wajen horon kowane hafsa. Ƙasar Indiya ce ta taimaka aka kafa ta, shugabanta na farko ma Ba'indiye ne, Birgediya Varma, kuma an yi koyi da tsarin makarantarsu da ke kusa da birnin Pune, inda ake tara 'yan sojan ƙasa da na ruwa da na sama a horar da su tare tun suna samari, don su san juna kafin aiki ya raba su. Tsohon mazauninta na cikin gari har yau sunan Ribaɗu yake ɗauke da shi, mazauninta na dindindin kuwa yana Afaka, wajen filin jirgin saman Kaduna. Wani abin lura, rundunonin da ake rarraba ɗalibai cikinsu sunayen fagagen daga na yaƙin duniya na biyu aka ba su, akwai Abisiniya, akwai Mogadishu, akwai Bama, akwai Dalet. Ashe ke nan jikan tsohon sojan Bama in ya shiga, zai tarar da tarihin kakansa rubuce a ƙofar ɗakin kwanansa. Shekaru ashirin na farko takardar shaida ce kawai makarantar ke bayarwa tare da muƙami, sai a 1985 aka mayar da karatun na digiri, daga nan ta shiga sahun jami'o'in ƙasa.

Ƙasashen duniya ba su bi hanya ɗaya ba cikin wannan al'amari. Ingila takan bar yaro ya je jami'ar da ya ga dama, mafi yawansu su gama digiri, sa'an nan Sandhurst ta karɓe su ta horar da su mako 44. Amurka tana da West Point tun 1802, inda ake haɗa digiri da horon soja cikin shekara huɗu, kuma tun 1916 ta ƙara da wani tsari wanda ɗalibi yana cikin jami'ar farar hula, tare da sauran 'yan ajinsu, zai riƙa ɗaukar darasin soja da fareti a wasu ranaku, ranar da ya karɓi digiri ya karɓi muƙami. Nijeriya ta zaɓi ta tara su cikin katanga ɗaya, kuma a ganina zaɓin ya dace da halinmu, domin a ƙasar da yaro ɗan Sakkwato zai iya girma bai taɓa cin abinci kwano ɗaya da ɗan Kalaba ba, babu abin da zai sa su yarda da juna ranar wuya irin a ce sun sha wahala ɗaya shekara da shekaru.

Wanda ya shiga don zama hafsan sojan ƙasa shekara biyar yake yi, huɗu na karatun jami'a gauraye da horo, ta biyar kuwa ta soja zalla. Tun kafin alfijir ya keto an tashe shi, ya yi gudu, ya yi fareti, ya gyara shimfiɗa yadda ko ƙwayar ƙura ba za a gani ba, sa'an nan ya shiga aji gaban malamai, waɗanda da yawansu farar hula ne masu digirin digirgir, ya karanta injiniya ko lissafi ko kimiyyar sinadarai ko ilmin kwamfuta, ko labarin ƙasa, ko tarihi da nazarin yaƙe-yaƙe, ko harsuna irin su Faransanci da Larabci. Lalle ku ji wannan da kyau, har Larabci ana yin digirinsa a can, don haka yaron da ya fito daga hannun malaman zaure da Islamiyya bai kamata ya ga kamar abin da ya sani ba shi da kasuwa ba. Da la'asar a koma fili, wani lokaci a kwashe su zuwa dajin Kachiya su kwana cikin rami da taswira da kamfas. Wanda ya faɗi jarrabawar aji ana iya mayar da shi baya ko a sallame shi, ko da ya fi kowa iya harbi. Haka wanda ya kasa horo, ko da shi ne zakaran aji. Gwamnati ce ke ɗaukar nauyin karatu da ci da sutura da magani, har da ɗan alawus, abin da ya kamata uban da kuɗin rajistar jami'a ke hana shi barci ya saurara da kunnen basira.

Na san akwai dattawan da za su ce, me ya haɗa soja da digiri, ai shi yaƙi zuciya yake so. Amsar wannan ba sai mun je Amurka mun aro ta ba, tana cikin tarihin ƙasar da muke zaune a kanta. Wanda ya jagoranci jama'ar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo a Tabkin Kwatto cikin 1804 shi ne Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, mutumin da ya yi tafsirin Alƙur'ani, ya wallafa littattafai a fiƙihu da nahawu da siyasar shari'a waɗanda har yau ake karantawa; Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya ja runduna sau da yawa, ya kafa ribaɗi a Wurno inda ya rasu a 1837, alhali alƙalaminsa bai bushe ba; Tambuwal ɗin nan tamu ma, Muhammadu Buhari ɗan Shehu ne ya zauna cikinta yana tsaron wannan iyaka, shi kuma malami ne, masanin Larabci. Waɗannan bayin Allah ba su ɗauki tsaron iyaka aikin jahilai ba, sun lissafa shi cikin farillan da in wasu suka tsaya da su an ɗauke wa saura, in kowa ya bari kuwa kowa ya yi laifi, kuma sun shar'anta wa mai ɗaukar makami sanin hukunci: wa ya halatta a yaƙa, wa aka ba amana, me ake yi da wanda ya miƙa wuya, me ya sa ba a taɓa mace da yaro da tsoho. A zamaninmu kuma ga Mai Alfarma Sarkin Musulmi Muhammadu Sa'ad Abubakar, wanda bayan ya gama Kwalejin Barewa ya shiga NDA a 1975 cikin kwas na 18, ya fito a 1977 hafsan rundunar tankoki, ya yi aikin kiyaye zaman lafiya a Chadi da Saliyo, ya wakilci sojan Nijeriya a Pakistan, ya kai Birgediya Janar, kafin a naɗa shi a watan Nuwamba na 2006. Ga Laftanar Janar Faruk Yahaya, mutumin Sifawa ta ƙasar Boɗinga, garin da Shehu da kansa ya zauna yana karantarwa, ɗan kwas na 37, wanda ya riƙe shugabancin sojan ƙasa daga 2021 zuwa 2023. Wanda duk ke hawa mota daga Tambuwal zuwa Sakkwato ta gefen garinsu yake wucewa.

Amma kada a ɗauka ina cewa takardar digiri ita kaɗai tana gyara mutum. Waɗanda suka kashe Sardauna da Tafawa Ɓalewa da Maimalari a daren 15 ga Janairu, 1966, ba jahilai ba ne. Jagoransu a Kaduna Sandhurst ya yi, kuma malamin horar da sojoji ne, wani daga cikinsu ma digirin Jami'ar Ibadan gare shi. Ilmin da babu ladabi da tsoron Allah a ƙarƙashinsa, in ya haɗu da makami, fitinarsa ta fi ta jahilci, domin shi jahili ɓarnarsa iyakar inda hannunsa ya kai. Shi ya sa nake ganin mafi girman darasin da makarantar za ta cusa wa ɗalibi shi ne ya san makamin da ke hannunsa na jama'a ne, kuma yana ƙarƙashin hukumar da jama'a suka zaɓa, ko yana ganin ya fi ta wayo. Ita kanta makarantar ba ta kuɓuta daga halin da ƙasa ke ciki ba, gama a ranar 24 ga Agusta, 2021, 'yan bindiga sun kutsa Afaka da dare, suka kashe hafsoshi biyu, suka tafi da ɗaya.

To, mu dawo gida. Ƙaramar hukumar Kebbe tana iyaka da Zamfara da Jihar Kabi, kuma ba sai na gaya wa mai sauraro abin da wannan ke nufi a 'yan shekarun nan ba, shi da ya ga maƙwabta sun kwana a daji, ya ga an bar gona da amfani a tsaye. Irin wannan yaƙi da ake yi cikin ƙauyuka, inda maƙiyi ba ya sanye da kaki, ya fi kowane buƙatar hafsa mai hankali da sanin ƙasa: wanda ke jin Hausa da Fulatanci ba ta bakin tafinta ba, wanda ya san bambancin makiyayi mai neman mashaya da ɓarawon da ya ɓuya cikin shanu, wanda ya san in zai shiga gari sai ya fara sallama a ƙofar hakimi da liman, wanda in tsohuwa ta yi masa magana a kaikaice zai gane labari take ba shi. Ba na cewa ɗan Kebbe Kebbe za a turo shi, domin soja ba ya zaɓen wurin aiki, yau yana Barikin Giginya gobe yana Bakasi. Abin da nake cewa shi ne, rundunar da ba ta da isassun hafsoshi da suka tashi cikin irin rayuwarmu za ta daɗe tana kallon ƙauye daga nesa.

Tsarin mulkin 1999, a sashe na 217, ya tanadi cewa hafsoshi da sauran sojoji su kasance sun wakilci dukkan sassan tarayya, saboda haka kowace shekara in an fitar da sunayen waɗanda aka ɗauka, jiha jiha ake jera su, Sakkwato da nata. Sai dai wannan kaso kamar na watanda yake, an yanka an kasa da sunan gidanku, amma in ba wanda ya zo da kwano, na kusa da mahauta shi zai ɗauka. Na kusa kuwa su ne 'ya'yan birni, da 'ya'yan ma'aikata, da 'ya'yan bariki, waɗanda tun suna aji uku na sakandare an gaya musu sharuɗɗa. Ba laifinsu ba ne. Sharuɗɗan kuma ba ɓoyayyu ba ne: kiredit biyar a WAEC ko NECO, cikinsu lalle da Turanci da lissafi; a rubuta JAMB a sa NDA zaɓi na farko; a ci jarrabawar tantancewa ta makarantar; shekarun haihuwa kada su wuce iyakar da aka ƙayyade; ba aure, ba ɗa; takardar shaidar ƙaramar hukuma; da lafiyar jiki. Wanda ya tsallake waɗannan sai a kira shi Kaduna gaban kwamitin zaɓe, inda za ka ga samari sahu sahu, kai a aske, da singileti da gajeren wando da lamba a ƙirji, likita yana auna tsawo, yana duba ido da haƙori da tafin ƙafa, yana sa yaro ya haɗa gwiwoyi a ga ko ƙafar ta gwame, sa'an nan a sa su gudu, a kuma zaunar da su gaban manyan hafsoshi su yi magana da bakinsu.

Ɗan ƙauyenmu ba a wajen gudu yake faɗuwa ba, wanda ya saba huɗa tun safe har azahar gudun mil biyu ba zai kayar da shi ba. Tun a aji yake faɗuwa, a makarantar da malamin lissafi ɗaya ke zagaya azuzuwa shida, ko babu shi sam, inda ake gama sakandare ba a taɓa kunna kwamfuta ba alhali JAMB da kwamfuta ake rubuta ta. Wani kuma an sa shi makaranta a makare, kafin ya haɗa kiredit shekaru sun wuce. Wani takardar haihuwarsa ta saɓa da ta makaranta. Wani an yi masa aure da ƙuruciya. Mafi yawa kuwa ba su taɓa jin an buɗe shafin cike takarda ba sai bayan an rufe. Ga kuma 'yan damfara, masu zuwa da kaki ko da lambar waya su ce a kawo kuɗi su samo gurbi, har uba ya sayar da sa ko ya jinginar da fadama. Ina roƙonku don Allah, duk wanda ya ce ku ba shi kuɗi a asusunsa don ɗanku ya shiga NDA, ku riƙe kuɗinku ku kai ƙararsa. Ba zan rantse muku cewa alfarma ba ta taɓa aiki a ƙasar nan ba, amma ko wasiƙar wa yaro ya riƙo, in ba shi da kiredit a lissafi ba ta da inda za ta shiga.

Tun 2011 makarantar ta fara ɗaukar 'yan mata cikin kwas na yau da kullum, wannan kuwa shawara ce ta kowane gida da abin da ya gani. Wanda kuma ya riga ya yi digiri a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ko wata, likita ne ko injiniya ko lauya ko malami, akwai ƙofar gajeren kwas da ake buɗewa lokaci lokaci, a horar da shi watanni a ba shi muƙami.

Iyaye mata, ban manta da ku ba, kuma ba zan ɓoye muku ba: aikin nan ana mutuwa cikinsa. Laftanar Kanar Muhammad Abu Ali, wanda sunansa ya cika ƙasa saboda tsayuwarsa a fagen Barno, a Malam Fatori ya kwanta dama cikin Nuwamba na 2016, yana da ƙuruciyarsa, kuma irinsa suna da yawa waɗanda ba a ji sunansu a rediyo ba. Uwar da ta ce ba ta yarda ba, ba wanda ya isa ya zarge ta, kuma bai halatta a tura yaro don kwaɗayin albashi alhali zuciyarsa ba ta so. Amma wanda Allah ya sa masa son abin, ga kai, ga lafiya, ga natsuwa, to a sa masa albarka, domin waɗanda ke kwana a bakin dajinmu yau su ma 'ya'yan wasu ne, daga garuruwan da ba mu taɓa zuwa ba.

Saboda haka ina kira ga shugabannin makarantun sakandare na Kebbe da Tambuwal, su tara 'yan aji huɗu da biyar tun bana su karanta musu waɗannan sharuɗɗa, kada a jira sai sun kai aji shida. Majalisun ƙananan hukumominmu biyu da wakilanmu na jiha da na tarayya su nemo malaman lissafi da Turanci, su biya wa masu ƙwazo kuɗin JAMB da na mota zuwa wurin jarrabawa, su sa a riƙa shelar ranar buɗe cike takarda a masallatan Juma'a da kasuwanni. Hafsoshinmu da suka yi ritaya su riƙa leƙowa gida suna zama da yara. Kai kuma uba, gobe in Allah ya kai mu, ɗauko takardar haihuwar ɗanka da sakamakonsa na zangon da ya wuce ka kai wa malaminsu, ka tambaye shi yadda yaron yake a lissafi.